Yadda Ake Ɗinka Kayan Zamanin Jane Austen Don Shiga Bikinta a Bath

Duk watan Satumba garin Bath, a kudu maso yammacin Ingila, kan cika da mata sanye da dogayen riguna masu ɗamara a ƙarƙashin ƙirji, da maza cikin kwat mai jela da doguwar hula. Bikin tunawa da marubuciya Jane Austen ne, wadda aka haifa a 1775, ta rasu a 1817, ta kuma zauna a garin daga 1801 zuwa 1806. An fara bikin a 2001. Yanzu kwana goma yake ɗauka, amma ƙarshen makon farko ne ran kasuwa, domin a Asabar ɗinsa ake jerin gwano cikin suturar zamanin. A jerin 2014 mutum 550 suka fito, har suka shiga kundin Guinness. Daga tashar Paddington ta Landan tafiyar kusan awa ɗaya da rabi ce a jirgin ƙasa.

Zamanin da ake kwaikwayo shi ake kira Rijensi, wato 1811 zuwa 1820, lokacin da rashin lafiya ta hana Sarki George na Uku mulki, ɗansa ya riƙe masa sarauta a matsayin muƙaddas. Salon rigar kuwa ya riga wannan lokaci, tun wajen 1795 ake yayinsa. Abin da ya kamata ki riƙe game da shi guda ɗaya ne: ƙugun rigar yana zama daidai inda ƙirji ya ƙare, gabanta ya sauko sumul, tattarar ta koma baya. Idan wannan layin ya zauna daidai, farin yadin auduga mai araha ya wadatar. Idan ya sauko ko da inci biyu ne, siliki ma ba zai cece ta ba, rigar barci za ta zama.

Ki fara aƙalla mako takwas kafin biki. Idan tela za ki kai wa, ki zauna ku bi matakan tare, don hannunsa ya saba da ɗinkin da ke kama ƙugu, kuma can zai ja ki in kin ƙyale shi.

Kayan aiki

- Yadin riga: yadi 5 mai faɗin inci 45, ko yadi 4 mai faɗin inci 58 zuwa 60. Ƙara rabin yadi idan dogon hannu za ki yi.
- Farin yadin auduga na shafi: yadi 1.
- Akoko ko tsohon zanen gado na gwaji: yadi 2.
- Alawayyo na kayan ciki: yadi 6.
- Siririyar zariyar auduga mai faɗin kwatan inci: yadi 4.
- Ribon mai faɗin inci ɗaya da rabi zuwa biyu: yadi 3 na ɗamara, yadi 3 na hula.
- Malafar kaba ko ta ciyawa mai faɗin baki.
- Tef ɗin awo, alli, almakashi, fil, allura, zaren auduga, babbar takarda, dutsen guga, keken ɗinki, da ƙaramin fil mai kulle na zura zariya.

Zif da roba ba sa cikin jerin, kuma da gangan ne. Ba a san su a tufafi ba a lokacin, zariya da fil da ƙananan maɓallai ke riƙe komai. Keken ɗinki ma sai a shekarun 1850 ya yaɗu, amma babu mai ɗaga miki riga ya duba ɗinkin ciki. Yi dogayen ɗinkuna da keke, ki bar wa hannu kalmasa da wuya, inda ido ke kaiwa.

Mataki na 1: Zaɓen yadi da wanke shi

Yadin da matan zamanin suka fi so shi ne muslin, auduga mai shara-shara da ake kawowa daga yankin Bengal, musamman Dhaka. Mafi kusa da shi a kasuwa yau shi ne boyel na auduga marar aiki a jiki, ko kowane yadin auduga mai laushi da ba shi da nauyi. Gwajinsa mai sauƙi ne: damƙe gefensa a tafin hannu ki ɗaga. Idan ya zubo da ƙananan layuka masu laushi, ya yi. Idan ya tsaya ƙiƙam kamar takarda, bar shi a shagon.

Saboda haka atamfa da shadda ba su dace ba, duk kyansu. Sun yi tauri, zanen atamfa ya yi girma, ƙyallin shadda kuma ba na wannan suturar ba ne. Satin na roba ya fi su muni, yana walƙiya a hoto, yana riƙe gumi. Game da launi, fari shi ne sarki, sai ruwan madara, shuɗi mai haske, ruwan hoda, rawaya mai sanyi. Zane idan akwai ya zama ƙanana: ɗigo-ɗigo, siririn layi, ko 'yan furannin da ba su wuce girman ƙwayar gyaɗa ba. Guji launuka masu kashe ido, domin rinin kimiyya sai a 1856 aka fara shi, shekara 39 bayan rasuwar Jane Austen.

Wanke yadin da ruwan ɗumi, ki shanya, ki goge kafin almakashi ya taɓa shi. Auduga na ƙanƙancewa a wankin farko. Wadda ta tsallake wannan, rigarta za ta ɗage ta bar idon sawu a waje, hammata kuma ta matse.

Mataki na 2: Kayan ciki tukuna

Nan ne masu farawa suka fi yin tuntuɓe: su ɗinka riga, sannan su nemi abin da za su sa a ƙarƙashinta. Ai da kayan ciki ake awo, don su ke nuna inda layin ƙirji zai tsaya.

Matan zamanin abu uku suke sawa. Na farko doguwar shimi mai gajeren hannu da ta kai gwiwa, wadda ke shan gumi. Na biyu 'yar matsattsiyar riga mai tauri da ke ɗaga ƙirji sama. Na uku fatari dogo mai igiyar kafaɗa, wanda shi ma daga ƙarƙashin ƙirji yake farawa. Ta biyun tana da wuyar ɗinki ga mai koyo. Madadinta rigar mama ce marar soso mai tallafi sosai, ki rage igiyoyinta har ƙirji ya ɗaga fiye da yadda kika saba. Kada ki sa irin ta motsa jiki, tana danne ƙirji ne, ta ɓatar da layin gaba ɗaya.

Fatarin ba a barinsa ko kaɗan. Boyel idan rana ta bugo shi daga baya komai ake gani. Yanka alawayyo falle biyu, kowanne faɗin inci 36, tsawo daga ƙarƙashin ƙirji zuwa inci biyu sama da inda rigar za ta tsaya. Haɗa gefuna, ki tattara saman a kan ɗamara mai faɗin inci biyu, mafi yawan tattarar a baya, ki sa igiyoyin kafaɗa biyu. Fatarin da aka ɗaura a ƙugu na yau da kullum yana yin tudu a ƙarƙashin rigar, kowa zai gani.

Mataki na 3: Awo

Sa kayan cikin da takalmin da za ki je da shi, ki ɗaura zare a jikinki daidai ƙarƙashin ƙirji, ki duba a madubi ya tafi a miƙe har baya. Daga wannan zaren ake auna komai. Wata ta auna ki, mai auna kanta tana sunkuyawa awon ya ɓaci.

Rubuta waɗannan: zagayen ƙirji inda ya fi cika, zagayen ƙarƙashin ƙirji a kan zaren, daga kafaɗa kusa da wuya, ta kan ƙirji, zuwa zaren, daga ƙashin bayan wuya zuwa zaren, daga zaren zuwa ƙasa ta gaba, ta gefe, ta baya, zagayen ɗuwawu, zagayen damtse, tsawon hannu daga kafaɗa zuwa gaɓar yatsu.

Misalan da ke tafe na mace ce mai ƙirji 36, ƙarƙashin ƙirji 31, damtse 12, tsawo daga zare zuwa ƙasa 45. Ki musanya da naki.

Mataki na 4: Zana saman riga a takarda

Ba sai kin sayi samfuri ba. Ɗauko rigar atamfarki wadda ta zauna miki daidai a kafaɗa da hammata, ki shimfiɗa ta a takarda, ki zana rabin gaba da rabin baya, ki yanke su a layin ƙarƙashin ƙirji. Sauran aikin gyara ne guda huɗu.

Na farko, mayar da ɗinkin kafaɗa baya. Yanke inci ɗaya da rabi daga saman kafaɗar baya ki manna shi a kafaɗar gaba. A rigunan zamanin ɗinkin kafaɗa ba ya zama a saman kafaɗa, yana gangarowa ta baya.

Na biyu, raba bayan gida biyu. Ja lanƙwasasshen layi daga tsakiyar ramin hannu na baya, ya sauko ya ƙare inci biyu daga tsakiyar baya a layin ƙugu. Yanke a kansa. Idan aka haɗa ɓangarorin biyu, waɗannan layuka da na kafaɗa suna fitar da siffar lu'ulu'u mai kusurwa huɗu a gadon baya, kuma da ita masana ke gane rigar da aka yi da sani tun daga nesa. Tana sa baya ya yi kamar siriri, tana kuma jan kafaɗa baya. Ki ɗaga layin ƙugu a tsakiyar baya da rabin inci, don nauyin siket zai ja shi ƙasa.

Na uku, wuya. Yi shi mai faɗi, zagaye ko mai kusurwa huɗu, ki bar igiyar kafaɗa mai faɗin inci biyu. Kada ki damu da faɗinsa, mataki na 9 zai rufe shi.

Na huɗu, faɗaɗa gaba. Manta da dat, wato ɗinkin da ke tsuke yadi ya bi siffar ƙirji, zariya ce za ta yi aikinsa. Tsaga takardar gaban daga wuya zuwa ƙugu a wuri uku, ki buɗe tsagogin har faɗin ya ƙaru da rabinsa. A misalinmu gaban da yake inci 18 gaba ɗaya zai koma 27. Mai cikar ƙirji ta ƙara inci ɗaya a tsawon gaban ta tsakiya, in ba haka ba layin zai hau kan ƙirjin maimakon ya zauna ƙarƙashinsa, kuma wannan kuskuren ba ya gyaruwa bayan an yanka.

A kowane gefe ƙara rarar rabin inci ta ɗinki, a wuya da ƙugu kuwa inci ɗaya saboda ƙubaka.

Mataki na 5: Gwaji da akoko

Yanka saman rigar a akoko, ki haɗa da dogon taki, ki zura zare a wuya da ƙugu ki ja. Sa shi a kan kayan ciki. Ɗaga hannu biyu kamar za ki ɗauko abu a kan kanta, sannan ki miƙa su gaba. Idan layin ƙugu ya haura kan ƙirji, gaban ya yi gajere. Idan kafaɗa na zamewa, rage igiyar ta wurin ɗinkin baya. Idan hammata na cizo, zurfafa ramin da kwatan inci kawai, ki sake gwadawa. Kada ki zurfafa da yawa: ƙaramin ramin hannu da ya hau sama shi ke ba hannu damar motsi, babba kuwa duk ɗaga hannu sai ya ja rigar gaba ɗaya.

Duk gyaran da kika yi a akoko ki mayar da shi kan takarda. Gara ki ɓata akoko sau uku da ki ɓata boyel sau ɗaya.

Mataki na 6: Ɗinka saman riga da hannu

Yanka sassan a yadin riga da na shafi. Gaba a ninke ake yanka shi, ya fito falle ɗaya. Baya kuwa a tsakiyarsa rigar ke buɗewa. Haɗa sassan baya, sai gefuna, sai kafaɗa, a yadin riga daban, a shafi daban, kina guga bayan kowane ɗinki. Lanƙwasasshen ɗinkin baya sai kin ɗan tsattsaga rararsa da bakin almakashi kafin ya kwanta. Haɗa riga da shafi fuska da fuska ta wuya da bakin baya, ki juya, ki goge, sannan ki yi layin ɗinki uku bisa takwas na inci ƙasa da bakin wuya. Tsakanin nan ne ƙubakar wuya. Bar bakinta a buɗe ta baya.

Gajeren hannu mai kumburi na yamma ne da wajen rawa. Yanka shi faɗin inci 22, tsayi inci 10 a tsakiya, samansa kamar tudu. Yi layi biyu na dogon taki a sama da ƙasa, ki ja zaren ya tattaru. Ƙasan ki ɗinka shi a kan ɗamara mai tsawon inci 14, faɗi 2, a ninke. Wajen dasa shi a rami, tura yawan tattarar sama da baya, ki bar gaban hammata kusan sumul.

Na rana dogon hannu ne, siriri, mai tsawo har ya rufe bayan hannu zuwa gaɓar yatsu. Kwafe shi daga wata rigarki mai dogon hannu, ki ƙara inci biyu a tsawo. Dabarar da matan zamanin da kansu suka yi amfani da ita ta fi: ɗinka mai kumburin a jikin riga, ki yi dogon daban, ki kama shi da 'yan ɗinkin hannu a cikin ɗamarar mai kumburin. Riga ɗaya ta yi miki rana da dare, kuma wadda ba ta son buɗe hannu sai ta bar shi a haɗe.

Mataki na 7: Siket

Falle biyu ne. Tsawon kowanne shi ne awonki da ƙarin inci uku, wato 48 a misalinmu. Fallen baya faɗin yadin ne gaba ɗaya, inci 45, a miƙe. Fallen gaba samansa inci 20, ƙasansa 36, gefunansa a karkace. Idan an haɗa, zagayen ƙasan rigar zai kai wajen inci 80, wanda ya isa tafiya da hawan matakala. Kafin ki yanka ki lissafa: a daidai ɗuwawu siket ya fi awonki da aƙalla inci 10. Idan bai kai ba, ƙara rabin falle a baya. Kada ki ƙara a gaba, don tattara mai yawa a kan ciki tana sa mace ta yi kamar mai juna biyu.

Tsaga tsakiyar fallen baya daga sama inci 10, ki kalmashe bakin tsagar siriri, ki ƙarfafa ƙarshenta da 'yan ɗinkin hannu don kada ta yage. Haɗa gefuna.

Yanzu aikin da ya fi kowanne muhimmanci. Kowane rabin baya yana da yadi wajen inci 22, kuma zai shiga rabin bayan riga mai faɗin inci 8. Kada ki raba tattarar daidai-wa-daida. Inci 5 na kusa da gefe su tafi sumul, sauran inci 17 ki cusa su cikin inci 3 na kusa da tsaga. Zai yi kamar ba zai shiga ba, zai shiga. Yi layi biyu na tattara da zare mai ƙarfi, ki ja a hankali, ki jera ƙananan ninkin da bakin allura su tsaya kafaɗa da kafaɗa. Idan kekenki ya ƙi hawa kaurin, ɗinka wurin da hannu. Wannan cunkoson na tsakiyar baya shi ke sa rigar ta bi mace da kyau idan tana tafiya, gabanta kuma ya tsaya kamar ginshiƙi.

Haɗa siket da saman riga, kina tattara ƙasan gaban rigar ya daidaita da saman fallen gaba, ki goge rarar ta kalli sama, ki rufe ta da bakin shafi, ki yi layin ɗinki na biyu rabin inci sama da na farko. Ƙubakar ƙugu ke nan. Zura zariya a wuya da ƙugu, kowacce ta fi awon wurin da inci 24 don ɗauri. Kama kowace zariya da ɗinki biyu a tsakiyar gaba, in ba haka ba wata rana za ki ja gefe ɗaya ta zare gaba ɗaya, kuma ranar biki take yin haka.

Mataki na 8: Kalmasa

Rataye rigar kwana ɗaya cur kafin kalmasa. Gefunan da aka yanka a karkace suna miƙewa, idan kika yi gaggawa gefe zai fi gaba tsawo. Washegari ki sa ta da takalminki, wata ta bi ƙasan da alli tana aunawa daga daɓe: inci ɗaya da rabi don yawon rana, inci uku idan za ki yi rawa. A farkon shekarun 1800 an yi yayin jela mai jan ƙasa, amma a jerin gwanon ɗaruruwan mutane a kan titin da ruwa ya jiƙa, tarko ce kawai. Idan rigar ta yi tsawo kada ki yanke, yi ninki biyu ko uku na rabin inci a zagaye sama da kalmasa. Ado ne na zamanin, kuma ana iya warware shi.

Ribon ɗin ɗamara ya bi ta kan layin ƙugu ya ɗaure a baya. Yi masa 'yan madaukai na zare a gefe biyu don kada ya zame ƙasa.

Mataki na 9: Wuya da kai

Finafinai sun sa mutane na zaton matan Rijensi kullum ƙirji a buɗe suke yawo. Da rana ba haka ba ne. Suna cike wuyan riga da ɗayan abu biyu: farin ƙyalle mai kusurwa huɗu, inci 30 kowane gefe, a ninka shi kusurwa uku a yafa a kafaɗa a cusa bakinsa cikin wuyan riga, ko 'yar rigar ciki marar hannu kuma marar ɗinkin gefe, mai wuya har maƙogwaro da 'yar tattara a bakinsa, a ɗaure ta da zariya a ƙarƙashin ƙirji. Ta biyun ta fi zama daram, ƙyallen sai an kama shi da fil uku.

Kai ma rufe shi ake yi. Matan aure da manya farar hular yadi suke sawa ko a cikin gida, kuma a zanen da yayarta Cassandra ta yi mata wajen 1810, Jane Austen da hula take. Daga wannan zanen aka samo hoton da ke jikin takardar fam 10 ta Ingila tun 2017. Don haka mai son suturce jikinta, da dogon hannu, da rufaffen wuya, da rufaffen kai, ba ta kauce wa tarihi ba ko taku ɗaya.

Hular fita daga malafa ake yin ta. Sa ta a kai, ki tura ta baya kaɗan, ki yi alama da alli daga bayan kunne ɗaya, ta ƙeya, zuwa bayan ɗayan. Bi layin da ɗinkin keke sau biyu kafin ki yanke, domin saƙar tana warwarewa da zarar almakashi ya shiga. Yanke bakin bayan, ki naɗe wurin da ribon. Fesa wa malafar ruwa, ki lanƙwaso gefunan su rungumi kumatu, ki ɗaure da tsumma ta kwana ta bushe. Ɗora ribon ta saman kai ya sauko ta gefe biyu, ki kama shi da allura, ya ɗaure ƙarƙashin haɓa. Gam mai zafi yana ɓallewa, ɗinki ya fi. A ƙarƙashinta farin ɗankwali da aka ɗaure lif yana maye gurbin hular yadi.

Idan babu malafa, rawani ma salon zamanin ne, musamman da yamma. Yadi biyu na siliki ko auduga mai laushi, faɗin inci 20, a naɗa a kai a soke bakin, a ƙara tsinken ado ko gashin tsuntsu ɗaya. Wadda ta iya ɗaurin ɗankwali ba ta bukatar darasi a nan, sai dai ta rage masa tsayi da faɗi, ya bi siffar kai.

Mataki na 10: Abin sanyi, jaka da takalmi

Safiyar Satumba a Bath kan sauka wajen digiri 10, ruwa kuma ba ya sallama. Boyel ba ya tare komai. Maganin zamanin shi ne sifensa, 'yar gajeriyar kwat mai dogon hannu da ta tsaya daidai layin ƙugun riga. Da takardar mataki na 4 ake yin ta: mayar da gaban faɗinsa na asali ki tsuke shi da dat biyu, rufe baya, buɗe gaba, ɗaga wuya, ƙara rabin inci a gefuna don ta hau kan riga. Yadi ɗaya da rabi na ulu marar kauri ko karammiski ya isa, launi mai duhu, a rufe da ƙugiya. Kada ta wuce layin ko da inci ɗaya. Idan lokaci ya ƙure, dogon mayafi mai kauri, mai ado a baki biyu, yana yin aikin, kuma shi ma abin yayi ne a lokacin.

Rigar ba ta da aljihu, shi ya sa aka yi 'yar jakar hannu mai zariya. Ƙyalle biyu, kowanne inci 8 a gefe ɗaya, 10 a ɗayan, daga ragowar yadin sifensa, da shafi, da ƙubaka a baki. Auna wayarki tukuna. Takalmi shimfiɗaɗɗe marar tsini, na fata ko yadi, da farar doguwar safa. Ki yi ta sa shi a gida mako biyu kafin ranar, don titunan Bath na dutse ne, kuma daga dandalin Queen Square zuwa na Circus ta titin Gay Street hawa ne. Ƙara safar hannu, gajera da rana, doguwa har gwiwar hannu da dare. Agogon hannu da tabarau na rana su shiga jaka.

Idan da maigida ko ɗan'uwa za a je, nasa ya fi wuyar ɗinki, kwat mai jelar gara a ɗauko haya. Abin da za a iya yi a gida shi ne ƙyallen wuya: farin yadi mai tsawon inci 60, faɗi 10, a sa masa sitati, a ninka shi ta tsawo, a zagaya wuya sau biyu a kan ɗagaggiyar kwala, a ƙulla a gaba. Wando ya zama mai haske, mai hawa har cibiya, ba bel.

Mataki na 11: Gwajin ƙarshe da ranar biki

Mako guda kafin tafiya sa komai daga shimi har hula, ki yi awa biyu a ciki. Zauna, hau bene, sunkuya ki ɗauki abu. Ɗauki hoto a rana daga gaba da baya, don abin da madubin ɗaki ya ɓoye rana na tona shi. Tsarin sawa shi ne safa da takalmi tukuna, sai shimi, rigar mama, fatari, abin wuya, riga, ribon, sifensa, hula. Zariyar baya ba ta ɗauruwa da hannun mai riga, ki tanadi mai taimako. A ɗaura ta ƙugu kafin ta wuya, a cusa bakin zariyoyin ciki.

Tikitin shiga jerin gwano da na liyafar rawa ana sayar da su tun watanni kafin biki, na rawar kuma su ke fara ƙarewa, haka ma masauki. Rawar zamanin layi biyu ake yi ana fuskantar juna, ana riƙe hannu, kuma akan shirya zaman koyo kafin daren. Wadda rawa ba ta cikin tsarinta ba ta yi asara ba, akwai laccoci, da yawon zaga gari inda ake nuna gida mai lamba 4 a Sydney Place da iyalin Austen suka zauna, ga kuma cibiyar tunawa da ita a lamba 40, Gay Street.

Goge rigar da dare ki rataye ta, kada ki bar guga sai safiya. A 'yar jakarki ki sa fil mai kulle guda shida, allura da farin zare a zure, da filastar ƙafa. Idan an tashi da ruwa, kama bayan siket da hannu ɗaya ki ɗaga shi kaɗan wajen tsallaka titi, laka kuwa idan ta taɓa farin boyel a bar ta ta bushe sannan a kakkaɓe, goge ta tana ɗanya shi ke zaunar da tabo.